Bam ya same shi a Iraki amma takardar sallamarsa ba ta nuna ba: yadda ake neman gyara

Tambaya: Maigidana ya yi aiki a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, an tura su Iraki a 2006. Bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da motarsu, ya suma na ɗan lokaci, malamin jinyar rundunarsu ya duba shi, washegari ya koma bakin aiki. Yanzu ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA tana biyansa kuɗin nakasa saboda buguwar ƙwaƙwalwa, amma babu lambar Purple Heart, wadda ake bai wa sojan da abokan gaba suka raunata, a takardar sallamarsa. Ya taɓa nema sau ɗaya aka ce babu shaida, tun daga ranar ya daina zancen. Akwai sauran hanya?

Amsa: Akwai hanya, Hajiya, kuma lokaci bai ƙure ba. Lambar Purple Heart ba ta da wa'adin nema. An sha bai wa dattawan yaƙin Koriya da na Biyetnam ita bayan sun yi furfura, wasu ma iyalansu ne suka karɓa bayan rasuwarsu. Sai dai zan gaya miki tun farko cewa aikin na haƙuri ne da tono takardu, kuma fayil irin na maigidanki yana cikin waɗanda suka fi wahala, domin raunin ƙwaƙwalwa ba ya barin tabo a fata.

Abin da ya fi ɗaure wa iyalai kai shi ne wanda kika ambata: gwamnati ɗaya tana biyan mutum saboda rauni, sannan ta ce ba ta da shaidar raunin. Dalili shi ne VA da rundunar soja ma'auninsu daban ne. Dokar VA ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake bai wa gaskiya, kuma wanda ya shiga fagen daga ana karɓar maganar bakinsa kan abin da ya same shi muddin ta dace da yanayin aikin da ya yi. Rundunar soja kuwa ɗauka take yi cewa fayil ɗinta daidai yake, mai ƙorafi ne zai kawo hujjar da ta rinjaya cewa akwai kuskure ko zalunci a ciki. Saboda haka takardar VA tana taimakawa, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Likitan VA ya ga maigidanki ne shekaru bayan abin ya faru, kuma yawancin abin da ya rubuta daga bakin maigidan ya ji shi. Masu duba fayil sun san haka, shi ya sa suke fifita abin da aka rubuta a ranar ko a makon da abin ya faru.

Dokar lambobin yabo ta sojan ƙasa, AR 600-8-22, ta gindaya sharuɗɗa uku: raunin ya zama daga aikin abokan gaba, ya kai girman da zai buƙaci kulawar likitan soja, kuma an rubuta wannan kulawar a fayil na hukuma. Purple Heart ta bambanta da sauran lambobi domin ba sai wani kwamanda ya yaba wa soja ba. Duk wanda ya cika sharuɗɗan nan haƙƙinsa ce. A irin matsalarku sharaɗin farko ba ya ba da wahala, bam ai ba ya tashi a ɓoye. Na biyu da na uku ne ke kayar da mutane.

Shekarar da abin ya faru tana da muhimmanci ƙwarai. A 2006 babu dokar da ta tilasta a duba kan duk sojan da bam ya tashi kusa da shi. Sai a watan Yunin 2010 ma'aikatar tsaro ta ba da umarnin cewa duk wanda yake cikin tazarar mita 50 daga fashewar bam, ko yake cikin motar da bam ya taɓa, dole a gwada shi a kuma ba shi hutun awa 24. Kafin nan, soja in yana iya tsayawa da ƙafafunsa ya riƙe bindiga, lafiyarsa ƙalau a idon kowa, har da idon kansa. Kwamandoji da yawa kuma suna ganin lambar ta wanda ya zubar da jini ce kawai. A 2010 gidan rediyon NPR da kafar ProPublica suka yi binciken da ya nuna ana hana sojojin da suka samu buguwar ƙwaƙwalwa wannan lamba duk da cewa doka ta ba su. A 2011 rundunar ta fito da ƙarin bayani kan ƙa'idar, ta kuma ce waɗanda aka hana a baya su sake nema. To, in neman da maigidanki ya yi kafin wannan lokaci ne, da tsohon tunani aka auna shi.

Ƙa'idar yanzu game da buguwar ƙwaƙwalwa tana neman ɗaya daga cikin biyu: ko dai sojan ya suma, ko an hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamomin da suka ƙi tafiya, kamar jiri, amai, ruɗewa ko mantuwa. Ba shi maganin ciwon kai kawai, ko hutun da doka ta tilasta wa kowa, ba ya shiga lissafi. Tunda kin ce washegari ya koma aiki, ƙofar awa 48 da wuya ta buɗe muku. Suman nan shi ne ginshiƙin fayil ɗinku, kuma duk abin da za ku tara ya kamata ya nufi tabbatar da shi.

Akwai wata takarda mai layi-layi da ake kira SF 600, wadda malamin jinya yake cikewa da biro, sau da yawa a tsaye, a gaggauce. Kwanan wata a gefen hagu, sunan soja a ƙasa, a tsakiya kuma layi huɗu ko biyar na gajerun haruffa. Ki nemi haruffan LOC, alamar suma ce a rubutun asibitinsu. In an sa alamar tarawa (+) kusa da su, ko an rubuta daƙiƙoƙi, kun samu abin da kuke nema. Sau da yawa kuma za ki ga RTD a ƙarshe, wato an mayar da shi bakin aiki. Na sha ganin fayil mai kauri wanda dukan nauyinsa yake kan rabin shafi irin wannan, tawada ta kusa goge. Ko da ba likita ne ya rubuta ba, ba lallai a rasa ba: doka ta yarda da kulawar wasu ƙwararrun ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ban da malamin jinyar fagen daga na yau da kullum, idan likitan soja ya sa bayani a fayil cewa raunin ya kai wanda likita zai duba da a ce yana wurin.

Ga inda za ku nemo takardun. Fayil ɗin aiki ana nemansa da fom SF 180 daga cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, kyauta ne ga tsohon soja. Fayil ɗin lafiya kuwa na wanda ya bar sojan ƙasa tsakanin ƙarshen 1992 da ƙarshen 2013 hannun VA aka miƙa shi, don haka ku nemi kwafin cikakken fayil ɗinsa na VA, shafi bayan shafi, kada ku tsaya ga takardar hukunci kawai. In an taɓa kwantar da shi a asibitin soja, ko a Balad ta Iraki ko a Landstuhl ta Jamus, bayanan kwanciya a ware ake ajiye su da sunan asibitin da shekarar, sai an nema da wannan sunan ake samu. In wani ya ce muku fayil ya ƙone, ku sani gobarar St. Louis ta ranar 12 ga Yulin 1973 ce, ta cinye fayiloli miliyan 16 zuwa 18, kuma a ɓangaren sojan ƙasa waɗanda aka sallama tsakanin 1912 da 1960 ta shafa. Ba ta taɓa sojan Iraki ba. Matsalar zamaninsu wata ce daban: a 2012 ProPublica da jaridar Seattle Times sun gano cewa rundunoni da yawa sun dawo daga Iraki da Afganistan ba tare da bayanan filin dagarsu ba, wasu an goge su daga kwamfuta, wasu ba a ma rubuta ba.

Saboda wannan ne nake cewa kada ku dogara da rumbun gwamnati kaɗai. Ku buɗe jakar sojan da ke can ƙasan kabad. Ku duba ko an ba shi lambar shiga artabu ta Combat Action Badge ko ta Combat Infantryman Badge, domin takardar umarnin ba da ita da bayanin da aka haɗa mata sukan ɗauki ranar harin. Ku duba rahoton kimanta aikinsa na wannan shekara, da hoton motar bayan fashewar, da saƙon imel ko wasiƙar da ya aiko gida a makon. Wasiƙar da mutum ya rubuta wa matarsa ko mahaifiyarsa kwana biyu bayan hari, yana cewa kansa na sarawa kuma bai tuna yadda aka fitar da shi daga mota ba, hujja ce mai ƙarfi, domin a lokacin babu lambar da yake nema. Ana kuma iya neman rahoton harin daga rundunar Amurka mai kula da Gabas ta Tsakiya ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, in kun san rana da wuri da sunan bataliya.

Wata takarda kuma za ta iya zame muku ƙaya, gara ku san da ita tun yanzu. Ita ce DD 2796, fom ɗin lafiya da sojoji suke cikewa lokacin dawowa gida. Da yawa sun amsa cewa ba abin da ke damunsu, saboda sun san wanda ya ce yana da matsala ana iya tsare shi don ƙarin gwaji alhali abokansa sun tafi wurin iyalansu. In maigidanki ma haka ya cike, kada ya ɓoye. Masu dubawa za su gani. Ya faɗa da kansa a cikin bayaninsa, ya kuma faɗi dalili.

Sai shaidu. Rundunar tana neman bayanin aƙalla mutum biyu, ban da mai nema, waɗanda suke wurin da kansu. A nan ne ake yawan ɓata fayil da kyakkyawar niyya. Aboki zai rubuta shafi biyu yana yabon jarumtar mutum da kirkinsa, ba rana, ba wuri, ba abin da idonsa ya gani. Wannan ba ya motsa kowa, gani ya kori ji. Bayanin da ke aiki gajere ne: wace rana, a wace hanya, shi mai shaidar yana mota ta nawa a jerin, da ya isa ya tarar da wane a wane hali, ya kira sunansa bai amsa ba har tsawon kaza, wa ya duba shi, a ina, kuma me ya lura da shi a kwanakin da suka biyo baya. Kowane shaida ya rubuta da bakinsa. In bayanai biyu suka zo da jimloli iri ɗaya, an san hannu ɗaya ne ya tsara su. Su sa hannu a gaban jami'in da ke buga hatimin rantsuwa, kowa kuma ya haɗa da kwafin takardar da ke nuna yana wannan runduna a lokacin. Shaidar da ta fi kowace daraja ita ce ta malamin jinyar da ya duba shi, sai ta sajan ko hafsan da ya jagoranci jerin motocin. Bataliyoyi da yawa suna da zaurensu a Facebook, kuma ta nan ake samun mutanen da aka rabu da su shekara da shekaru.

Ƙofofin neman gyaran biyu ne, kuma a jere ake bin su. Ta farko ita ce sashen lambobin yabo na hukumar kula da ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky. Can ake fara kai takardu: bayanin abin da ya faru a shafi ɗaya, shaidu, bayanan asibiti, takardar tura shi Iraki, da takardar sallama DD 214. In sun ƙi, sai a tafi ƙofa ta biyu, kwamitin gyara bayanan soja, wanda ake kira ABCMR. Kwamitin ba ya karɓar ƙorafi sai an gama da ƙofar farko, don haka wasiƙar ƙin da aka aiko wa maigidanki a baya ku nemo ta, ita ce shaidar cewa ya bi ta can. Sojan ruwa da na kundunbala suna da nasu kwamitin, sojan sama ma haka.

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa waɗannan kwamitoci a 1946, domin kafin nan sai majalisa ta yi doka ta musamman kafin a gyara fayil ɗin soja ɗaya. Ikonsu yana sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin tarayya. Fararen hula ne manyan ma'aikatan rundunar suke zama, aƙalla su uku, kuma kusan kullum a kan takarda suke yanke hukunci ba tare da sun ga mai nema ba. Fom ɗin shi ne DD 149, ba a biyan ko sisi. Doka ta ce a nema cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma ta ba kwamitin damar yafe jinkiri saboda adalci, kuma fom ɗin yana da gurbin bayyana dalilin jinkirin. Kada a bar gurbin nan fayau. Mantuwa da gudun tuna abin da ya faru suna cikin ciwon kansa, a rubuta haka.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. A gurbin da aka tambayi me ake so a gyara, yawancin mutane suna rubuta cewa a ba su Purple Heart, shi ke nan. Kwamitin sai ya buɗe fayil, ya ga babu bayanin kulawar likita, ya ce sharaɗi na uku bai cika ba, ya rufe. Abin da ya kamata a nema abu biyu ne: a gyara fayil ɗin lafiya ya nuna cewa a rana kaza ya samu rauni daga harin abokan gaba, ya suma, an kuma yi masa magani, sannan bisa wannan gyara a ba shi lambar a sa ta a DD 214. Rashin rubutun shi ne kuskuren da kuka zo a gyara.

Wannan ba dabarar lauyoyi ba ce kawai, kotu ta tabbatar da ita. Kenneth Haselwander sojan sashen kula da dabbobi ne a Biyetnam. A 1969 roka ta faɗi kusa da inda yake kwana ta ji masa rauni. Ana cikin yi masa magani aka kira shi ya je ya taimaki karnukan soja da harin ya raunata, ya tafi kafin a cike takardunsa. Shekaru da yawa bayan haka ya kawo hotunansa da bandeji da bayanan abokan aikinsa, kwamitin ya ƙi, yana cewa babu bayanin asibiti. A watan Disambar 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washington ta soke wannan hukunci, ta nuna cewa kwamitin bai fahimci ikonsa da nauyin da ke kansa ba, domin giɓin da ke cikin bayanan asibitin shi ne ainihin abin da mutumin ya zo a gyara. Ku ambaci wannan shari'a a takardarku. Labarinsa yana taɓa ni, domin ya nuna wanda ƙa'idar rubutu take cutarwa: sojan da ya danne ciwonsa ya koma kan aiki. Wanda aka ɗauke a jirgi zuwa asibiti takardu suna bin sa da kansu. Wanda ya miƙe ya sake hawa mota don kada ya bar abokansa da giɓi, shi ne yake zuwa bayan shekara ashirin ana tambayarsa shaida. A ganina wannan zalunci ne, kuma irinsa aka kafa kwamitin ya warware.

Kada ku cusa abin da doka ta cire. Ciwon firgicin yaƙi na PTSD ba ya jawo wannan lamba, ma'aikatar tsaro ta bayyana matsayinta a kan haka tun farkon 2009. Raguwar ji da ƙarar kunne su kaɗai ma ba sa jawo ta, amma fashewar dodon kunne sanadiyyar bam tana iya shiga in ta buƙaci likita, don haka ku duba ko an rubuta jini ko ruwa daga kunne. Kuma kada a ƙara gishiri ko kaɗan. In suman na daƙiƙa talatin ne, a ce talatin. In bai san tsawonsa ba, ya ce bai sani ba, shaidu su faɗa. Saɓani ɗaya tsakanin bayaninsa da takardar 2006 ya isa ya sa a daina yarda da sauran.

Game da jira, doka ta ce kwamitin ya kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, dukansu kuma cikin wata 18, amma a aikace yakan wuce haka. In suka nemi ra'ayin likitocinsu ko na Fort Knox, dole su aiko muku da kwafi su ba ku damar mayar da martani. Kada ku yi shiru a wannan gaɓa, mutane da yawa a nan suke faɗuwa. In an ƙi, ana iya neman a sake dubawa da sabuwar hujja, ko a je kotun tarayya cikin shekara 6. Ofishin ɗan majalisar mazaɓarku ba zai iya ba da umarni a ba shi lambar ba, amma tambayarsa tana sa a nemo takardar da ta maƙale. Matsin lamba yana aiki: bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Al Asad a Iraki ranar 8 ga Janairun 2020, sojoji fiye da 100 aka gano suna da buguwar ƙwaƙwalwa, 29 aka fara bai wa lambar, sai a Disambar 2021 aka amince da ƙarin 39 bayan maganar ta fito a kafafen labarai.

Lambar ba ta zuwa da albashin wata. Tana sa mutum a rukuni na 3 na fifikon asibitin VA, tana ba da cikakken tallafin karatu na bayan 11 ga Satumban 2001 ko da wa'adin aikinsa gajere ne, da maki 10 na fifiko wajen neman aikin gwamnatin tarayya, jihohi kuma kowace da nata. Mai karɓar kuɗin nakasa wataƙila ya riga ya samu wasu daga ciki. Yawancin waɗanda na zauna da su ba don wannan suke nema ba. So suke takardar da 'ya'yansu za su gada ta faɗi abin da ya faru.

Abu ɗaya kuma, Hajiya. Muddin yana raye kuma cikin hankalinsa, shi ne zai sa hannu a DD 149, ba za ki iya nema a madadinsa ba. Mutumin da aka ce wa babu shaida yakan ji kamar an ƙaryata shi ne, kuma rubuta bayanin ranar yana nufin sake shiga cikin motar. Kada ki matsa masa. Ki nemi izininsa ki ɗauki wahalar takardu, shi kuma a bar masa shafi ɗaya da kiran abokansa, a lokacin da ya shirya. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin su DAV, VFW da American Legion, da ofishin tsofaffin sojoji na gundumarku, suna da jami'an da ke taimakawa kyauta, wasu makarantun koyon aikin lauya ma suna karɓar irin wannan fayil ba tare da kuɗi ba. Ku aika kwafi, ku riƙe na asali, ku sa wa kowane shafi lamba, a cikin bayanin kuma ku riƙa nuna shafin da ke goyon bayan kowace magana. In Allah ya sa aka amince, za a aiko da takardar umarni da gyararriyar takardar sallama, sai ku kai kwafinsu ofishin rajistar asibitin VA da kanku domin a sabunta matsayinsa.